Gwauron Tafkin Buta

Talata, 15 ga Janairu, da sassafe

Na sake zuba shayi kofi biyu. Sai da na ajiye na biyun a gefen mijina Merv, har na juya masa hannun kofin yadda yake so, sannan na tuna ba ya gidan. Na shanye duka biyun don haushi.

A gidan nan shi ne mai rubuta abin da ya faru kowace rana. Ni aikina leƙe: a ba ni gansakukar dutse ko ta ɓawon itace, wadda mu 'yan sana'a muke ce wa laiken, in sa ta ƙarƙashin madubi, in faɗi danginta har da sunan kakanta. Shekara talatin da wani abu muna wannan aiki tare a ɗaki ɗaya na ma'adanar tsirrai a Hobart, babban birnin tsibirinmu, kujerata na gugar tasa. Yanzu ɓarin jikinsa ya shanye, hannunsa na dama yana kwance a kan bargon asibiti kamar wani ne ya manta da shi a wurin. Dole wani ya riƙe alƙalamin.

Ba zan rubuta abin da ya faru a kicin ranar Larabar da ta wuce ba. Na goge wurin, na zubar da kwanon da ya fashe. Ya isa.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

An yi ta tsawa a kan tudun tsakiya, babu ko ɗigon ruwa. Rediyo ya ce wuta ta tashi a wurare da yawa. Na kashe rediyon.

Laraba, 16 ga Janairu, bayan azahar

Tamsin ta iso daga Melbourne da jaka ɗaya da fuskar babanta. Ita kaɗai muka haifa, kuma tun tana 'yar makaranta ta yanke hukunci cewa iyayenta ba su da cikakken hankali. Ta tsaya a bakin gado ta ce, "Baba, ni ce." Ya dube ta, ya daɗe, ya ce, "To."

Kalma biyu suka rage masa: "to", da wata ashar da ban taɓa sanin ya iya ba. Mutumin da ko guduma ta sauka a yatsansa sai dai ya ce kash, yau shi ke yi wa likita barka da asuba da ashar. Sushila, nas ɗin da ke kula da shi, dariya kawai take yi. "Malam Merv, ni ma ra'ayina ke nan game da abincin nan," in ji ta.

Sunana bai faɗa ba. Yana kallona, na san ya gane ni, leɓensa na ta ƙoƙari, sai "to" ta fito.

Sushila ta ba ni ɗan madubinsa na ƙara girman abu a cikin leda, wanda yake rataye a wuyansa da igiyar takalmi tun kafin in san shi. Sun cire masa ranar da aka kawo shi. Na rataya shi tare da nawa. In ina tafiya sai su riƙa bugun juna a ƙirjina, ƙas, ƙas.

Juma'a, 18 ga Janairu, da hantsi

Hayaƙi ya rufe dutsen bayan gari, toka na sauka a kan shanya. Na ce ba zan duba taswirar wutar ba, na duba. Tana yamma da Tafkin Buta, iska kuma daga yamma take.

Sunan ba ya cikin kowace taswira, mu muka sa shi, shekarar da butar shayinmu ta gangara daga kan dutse ta nutse, Merv ya shiga ruwan sanyi har wuya ya fito hannu rabbana, haƙoransa na kaɗawa. Ƙaramin tafki ne a kan tudu, kewaye da tsofaffin itatuwan nan da ake ce wa fensir, da wasunsu sun haura shekara dubu. Su ba kamar bishiyar turare ba ne da ke tohowa bayan gobara. Fensir in ya ƙone ya tafi ke nan.

A jikin ɓawonsu Gwauro yake. Ɗan laiken ne mai ganye-ganye, toka-toka in ya bushe, kore shar in ya sha ruwa, bakinsa da 'yan gasu kamar girar jariri. Ba mu taɓa ganinsa a wani wuri ba, kuma bai dace da kowane suna a littattafai ba. Amma bai taɓa yin 'ya'ya ba, wato 'yan ƙoƙunan nan masu ɗauke da ƙwayar iri, waɗanda da su ake gane asalin dangin laiken. Shi ya sa Merv ya laƙaba masa Gwauro. Yaran wurin aiki sun sha cewa a bar wa injin gwaji ya faɗi danginsa a huta, Merv ya ce shi ba ya raɗa wa ɗa suna bai ga fuskarsa ba. Haka muka yi shekara kusan ashirin muna hawa duk bazara mu gaishe shi mu sauko.

A Nuwamban da ya wuce gwiwata ta hana ni zuwa, ya tafi shi kaɗai. Ya dawo ko takalmi bai cire ba ya shigo min kicin da taɓo.

"Nol, zauna kada ki faɗi. Gwauro na neman aure."

"Me ka sha a hanya?"

"Na rantse miki. A jikin itacen nan da ya sunkuya kan ruwa. 'Yan ƙuraje ne kamar kan allura, ba su buɗe ba tukuna."

"Ka yanko?"

"In yanko ɗa yana ciki? Sai Fabrairu. Ke da gwiwarki za ku je ku yi masa barka."

Na ce masa ya fita ya cire takalmin. Abin da na ce masa ke nan.

Lahadi, 20 ga Janairu, da rana

Na kwanta a gefensa na gadonmu a gida. Filon ya fara daina ƙamshinsa.

Litinin, 21 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Na je wurin aiki, wai in ɗauko wasiƙu. Sai ga ni zaune a kujerarsa na buɗe durowar da muke ajiye waɗanda muka raɗa wa suna.

A sana'armu mutum ba ya sa wa abu sunan kansa. Abin kunya ne, kamar ka miƙe a taro ka yi wa kanka kirari. Sai dai ka sa na wani. Mun sa na malaminmu, mun sa na Tamsin, mun sa na tsohuwar da ke ba mu ɗaki a yammacin tsibiri. Nawa ma yana nan, da shi ya nemi aurena. Ya miƙo min ambulan da sunana a jiki da wutsiyar Latin, na buɗe na ga wani ɓawo mai ruwan toka da ke fitowa a duwatsun bakin teku.

"Ka rasa abin da za ka sa wa sunana sai mai tsiro inda tsuntsaye ke kashi?"

"Ita ce ba ta jin rana, ba ta jin gishiri, ba ta jin magana," ya ce. "Wa kike so in ba?"

Tun daga ranar duk takardar da muka fitar hannu biyu ne a ƙasanta, nasa da nawa, don haka babu yadda za a yi sunansa ya hau kan komai. Sau ɗaya wani abokinmu Bajamushe ya yi masa wannan karamci, bayan shekara uku aka gano abin yana da suna tun zamanin kakanni, aka binne na Merv. Ya yi dariya ya ce ya huta, ba a manna shi a gindin itace ba. Amma na gan shi da yammar nan yana shafa ambulan ɗin da babban yatsa kafin ya mayar.

Yanzu ba zai iya sa hannu a kan komai ba. Takarda ta gaba tawa ce ni kaɗai, kuma wannan ne ya buɗe min hanyar da ban taɓa so ta buɗe ba. Zan sa wa Gwauro sunansa. Ba sai an buga a mujalla ba, wannan sai a shekara ana jira. Ambulan nake so in sa masa a hannun hagu, da Gwauro da 'ya'yansa a ciki, da sunansa a waje da rubutuna, tun yana iya karantawa.

Alhamis, 24 ga Janairu, da azahar

Likita ya kira mu ƙaramin ɗakin nan mai kujeru masu laushi da kwalin tishu a kan tebur. Ya yi magana a kan zuciya. Tamsin ta yi tambayoyi, ta rubuta amsoshin. Ni ina kallon bangon da ke wajen taga, akwai wani rawaya a jikin simintin da na san sunansa.

Ban ji komai ba. Na ji duka.

Juma'a, 25 ga Janairu, ƙarfe bakwai na safe

Na kira Baz, mai gadin gandun da tafkin ke ciki. Shekaru da yawa yana buɗe mana ƙofa yana yi mana dariya.

"Dokta, don Allah ki daina kirana da sassafe, matata ta fara kallona."

"Ka ce mata ta kwantar da hankalinta, ba ka da ɓawo. Ina wutar take?"

"Inda take jiya, da ɗan ƙari. An rufe hanya. Ko ni sai da jirgi."

"Ka sa ni a jirgin."

"In ce musu me? Ga wata tsohuwa za ta je duba gansakuka?" Sai muryarsa ta sauko. "Yaya tsohon?"

Na ce da sauƙi. Ya ce to madalla. Dukanmu mun iya ƙarya daidai gwargwado.

Asabar, 26 ga Janairu, da la'asar

Bishiyar afirikot ta bayan gida ta yi 'ya'ya kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Merv ne ke dafa su da sukari ya cika kwalabe duk shekara. Yau ni da Tamsin muka tsaya a kan tukunyar, muka ƙona ƙasanta, muka yi faɗa.

Ta ga jakar daji a bakin ƙofa, na riga na sa wuƙa da ambulan da kwalbar fesa ruwa.

"Mama, ina za ki?"

"Ba yau ba. In an buɗe hanya."

"Kin ji abin da likita ya ce kuwa? Baba na can kwance, ke kina shirin zuwa leƙen gansakuka?"

"Don shi zan je."

"Don shi! Haka kuka ce ranar da na gama makaranta, kuka iso ana kwashe kujeru, don kun tsaya kallon wani dutse a bakin hanya. In wani abu ya faru kina kan tudu fa? Ni zan riƙe masa hannu in ce masa kin tafi ɗauko masa ɓawon itace?"

Tana da gaskiya, kuma ba na son mutum ya yi gaskiya a kicin ɗina. Na ce mata ta juya tukunyar. Ta ajiye cokalin ta fita.

Ina kewarsa. Ga shi can, tafiyar minti kaɗan a mota, ina ganinsa safe da yamma, kuma ina kewarsa kamar ya yi shekara a ƙetare. Da yana nan da ya shigo ya leƙa tukunyar ya ce wannan ai kwalta ce, a kai wa masu gyaran titi, da mun yi dariya mu duka uku.

Talata, 29 ga Janairu, da hantsi

Baz bai ɗauka ba. Da ya kira daga baya bai yi min tsiya ba, a nan na gane. Ya ce wutar ta wuce ta wurin jiya. Ya ce daga sama ba a ganin komai sai hayaƙi, kada in yanke hukunci tukuna.

Na wanke labule. Ban san dalili ba.

Alhamis, 31 ga Janairu, bayan azahar

Ana yi mana ba'a cewa in masu laiken suka fita daji, rana na faɗuwa ba su bar wurin ajiye motoci ba. Gaskiya ce. Yau a wurin ajiye motocin asibiti na tsinci ɗan reshe da wani ɗan toka na gama-gari a jiki, na hau da shi. Na sa wa Merv madubinsa a hannun hagu. Sau biyu ya buga shi a hanci, na yi kamar ban gani ba. Da ya daidaita shi a ido, na fesa wa reshen ruwa. Abin da yake busasshe kamar takarda ya saki jiki ya yi kore a gabansa.

Ya saki ashar ɗin nan a hankali, da daɗi, kamar mai yabon miya.

Sai na gaya masa. Ban ce komai game da wutar ba, taga a rufe take, kuma Tamsin ta hana kunna talabijin. Na ce, "Zan je barkar Gwauro. Zan kawo maka shi a ambulan, da sunanka a jiki, kuma ba ka da bakin hana ni." Na faɗi sunan da wutsiyarsa, mervynii, karo na farko da na faɗe shi a fili.

Kunnuwansa suka yi ja. Ya juya fuska bango, amma bai saki yatsuna ba. Ashe haka yake so, duk shekarun nan, ɗan rainin wayo.

A hanyar gida na tuna faɗanmu mafi tsawo. A kudu maso yamma ne, muna sabon aure, muka ci karo da wani abu a kan dutse da ba mu taɓa gani ba, ba mu kuma sake gani ba har yau. Na zaro wuƙa, ya riƙe min hannu. Dokarsa ke nan, wadda ya karantar da duk ɗalibin da ya bi ta hannunsa: kafin ka yanka, ka nemo 'yan'uwansa a kusa, in ba ka gani ba, ka bar shi. "Tilo ba a taɓa shi," haka yake faɗa. Muka yi yini muna nema, babu. Muka sauko ba komai, na yi kwana biyu ban yi masa magana ba a cikin tanti ɗaya. Ni a sana'ar nan mai haɗama ce, kowa ya sani. Shi ne birkina.

Lahadi, 3 ga Fabrairu, da safe

Kofi biyu kuma.

Laraba, 6 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana

Ruwa! Na fita tsakar gida ba takalmi na tsaya a ciki. Katangar maƙwabta, rufin gareji, tsohon bencin Merv, duk abin da yake toka-toka tun Kirsimeti ya yi kore kafin in ƙifta ido. Maƙwabcina ya leƙo ta taga ya ce, "Noelene, lafiya?" Na ce masa ya koma ya ci gaba da kallon wasan kurket ɗinsa.

Juma'a, 8 ga Fabrairu, da yamma

Barci yake yi yawanci yanzu. Ashar ɗin ma ta yi ƙasa, Sushila ta ce tana kewarta. Na zauna na karanta masa wata tsohuwar takardarmu, na ga kuskure biyu a ciki, duk nasa.

Litinin, 11 ga Fabrairu, da magariba

Baz ya kira. An buɗe hanya ga ma'aikata, gobe zai hau duba abin da ya rage, akwai kujera ɗaya a motarsa.

Ban ce wa Tamsin komai ba, amma ta ji. Can na same ta a kicin tana shafa wa burodi baƙin man gishirin nan da cuku, tana naɗewa a takarda yadda babanta ke yi, har da lanƙwasa kunnen takardar.

"Ki kunna wayarki," ta ce, ba ta dube ni ba. "In kin ga wani dutse a bakin hanya, Mama, ki rufe ido."

Talata, 12 ga Fabrairu, da yamma, a motar Baz

Rubutun zai yi muni.

Daga inda muka bar mota ƙasa baƙa ce, tana nutsewa ƙarƙashin takalmi, tana wari kamar tsohon murhu da aka zuba wa ruwa. Babu kukan tsuntsu. A haka muka hango tafkin. Itatuwan na tsaye a inda na san su, kowanne da siffarsa, amma baƙaƙe ƙirin, babu ganye. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a kan dutsen da butarmu ta gangara, na yi kukan da ban yi ba a ƙaramin ɗakin likita.

Mai sunkuyawa kan ruwa yana nan. Gefensa na tudu ya ƙone har sama, amma gefen da ke kallon tafki wutar ba ta kama shi ba, akwai sauran koren ganye a rassa biyu. Na shiga ruwan har gwiwa, gwiwar ma ta yi shiru don kanta. Na bi ɓawon da madubin Merv, ba nawa ba.

Yana nan. Faɗinsa bai wuce na kwandalar santi hamsin ba, gefe ɗaya ya ɗan babbake. Na fesa masa ruwa, ya yi kore. A tsakiyarsa ga 'yan ƙoƙuna uku a buɗe, ja-ja kamar shayi mai kauri, kowanne da farin baki. Da ganinsu na san danginsa, kuma ba dangin da Merv ya yi ta rantsuwa a kai ba ne, nawa ne daidai. Shekara ashirin muna gardama.

Na ƙwala wa Baz kira, "Ya haihu!" Ya zo da gudu yana tsammanin maciji ne.

Na zaro wuƙa, na buɗe ambulan. Sunan na jiki, na rubuta shi tun jiya. Sai hannuna ya tsaya da kansa, kamar an riƙe shi. Na ce wa Baz mu nemo 'yan'uwansa tukuna.

Mun nema. Mun zaga tafkin, duk itacen da ya rage masa ɓawo ko tafin hannu ne na bi shi da madubi. Baz ya kwanta rubda ciki a toka yana leƙa ƙarƙashin rassan da suka faɗi, shi da bai san bambancin laiken da kashin tsuntsu ba. Mun haura zuwa ƙaramin tafkin da ke sama. Burodin Tamsin a tsaye muka ci shi. Babu. Inda dā ake samunsa kamar an watsa, babu ko ƙyallinsa.

Na koma cikin ruwan na sa bakin wuƙar a ɓawon. In ɗauki ƙoƙunan dole in ɗauki tsakiyarsa, abin da zai rage ba zai kai hunturu ba. Kuma ƙwayar irin da ke cikin ƙoƙunan nan ita ce kaɗai za ta iya sake shuka wurin, in har akwai abin da zai sake shuka shi.

"Dokta, yanka mana," in ji Baz. "Wa zai sani? Itacen ma wa ya ce zai kai baɗi? Tsohon nan ya cancanci abinsa."

"Ya cancanta."

"To?"

Na daɗe a haka har ƙafafuna suka mutu. Ina jin muryarsa sarai, ba wadda ta rage masa ba, ta dā, mai tsokana. Na yi masa ashar ɗinsa da ƙarfi, tafkin ya maimaita. Na ninke wuƙar.

Na ɗauki hoto da ma'auni a gefe. Da hoto ba a raɗa suna, sai da abin a hannu, a ambulan, a durowa, inda wani zai zo bayan shekara ɗari ya duba. Na yi masa alkawari a asibiti, ga ni zan koma da ambulan wayam.

Baz ya kunna hitar ɗumama motar, ya ba ni rigarsa. Tamsin ta turo saƙo: yana barci, ya sha miya cokali kaɗan.

Laraba, 13 ga Fabrairu, da hantsi

Na same shi a farke, an jingina shi da filo, Tamsin na yanke masa farce. Yana ganin jakar a kafaɗata ido ya buɗe. Ya shaƙi iska, ya dubi takalmana. Ban wanke su ba. Mutum ya yi shekara hamsin a daji, ba sai an gaya masa warin me ke nan ba.

Na zauna na ce, "Gwauro ya haihu, Merv. Uku. Kuma ni ce da gaskiya a kan danginsa, sai ka haƙura."

Rabin fuskarsa ya yi dariya. Na nuna masa hoton, ya daɗe a kai da madubi, numfashinsa na hazo a gilashin wayar. Sannan ya ajiye, ya miƙo hannun hagu, tafin a buɗe.

Na sa masa ambulan ɗin. Ya bi sunan da babban yatsa, harafi bayan harafi. Ya matsa shi, ya ji ba komai a ciki. Ya girgiza shi kusa da kunne. Ya dube ni.

Na shirya magana tun a mota, duk ta gudu. Sai shi ya tambaya, da hannu: ya nuna hoton, ya buɗe yatsunsa yana zagaya su a iska, ina sauran?

Na ɗaga yatsa ɗaya.

Ya kalli yatsan, ya kalle ni. Tamsin ta daina motsi. Sai ya saki ambulan ɗin a kan bargo, ya kama yatsan nawa ya rufe shi cikin tafinsa, ya matse da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Leɓensa ya yi ta aiki, na ce a raina ga "to" nan tafe.

"Nol," ya ce.

Tamsin ce ta fita da gudu, ba ni ba.

Asabar, 16 ga Fabrairu, da rana

Ambulan ɗin na ƙarƙashin hannunsa. Sushila ta so ta ɗauke don canza zanin gado, ya yi mata ashar. Ta ce ta gode, ta ji daɗin dawowar ashar ɗin.

Litinin, 25 ga Fabrairu, da sassafe

Masu ta'aziyya sun watse, firij cike da abincin da ba zan ci ba. Baz ya zo da kwat da ta yi masa kaɗan. Kafin a binne Merv an sa masa ambulan ɗin a aljihun gaba, inda yake sa fensir.

Tamsin ta tafi jiya. A filin jirgi ta sa hannu a wuyana ta zare madubin babanta, ta rataya a nata. Ta ce in gaya mata ranar da zan hau Tafkin Buta a Nuwamba tun da wuri, don ta nemi hutu, kuma ba ta yi alkawarin son abin ba. Na ce mata sai ta sayi takalmin kirki. A hanyar dawowa ƙirjina shiru, babu ƙas ƙas.

A durowa har yanzu Gwauro ne sunansa, da rubutun Merv. Na bar shi haka.

Yau kofi ɗaya na zuba tun farko, ban yi kuskure ba. Da ma na yi.